Wa zai tsaya maka? Ƙungiyoyin sana'a a Kebbi, daga tasha zuwa fadama

Jihar Kebbi tana cikin jihohi ƙalilan a Najeriya da mutumin da ya taso ta hanyar ƙungiyar ƙwadago ya zama gwamnansu. Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu, shi ne shugaban Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Ƙasa, wato NUT, kuma mataimakin shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, kafin ya nemi kujerar da aka rantsar da shi a kanta ranar 29 ga Mayun 2023. An taɓa ganin irin haka a Jihar Edo, inda Adams Oshiomhole ya bar shugabancin NLC a 2007, ya zama gwamna a 2008. Ba siyasar waɗannan mutane ce ta sa na ambace su ba. Na ambace su ne domin a ga cewa ƙungiyar da mamba yake biya wa 'yan kuɗi kaɗan kowane wata tana iya tara ƙarfin da zai kai mutum gidan gwamnati, don haka ta cancanci a dube ta da idon basira, a tambayi daga ina ƙarfin nata yake fitowa, da kuma abin da ke karya shi.

Yawancinmu idan aka ce ƙungiya, yajin aiki ne yake fara zuwa mana a rai, kuma tarihi ya ba mu dalilin hakan. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa da jagoransu Michael Imoudu suka kasance a sahun gaba, ya ɗauki sama da makonni shida saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya haifar, kuma ya nuna wa Turawan mulkin mallaka cewa talakan da ke karɓar albashi yana iya tsayar da ƙasa. An kafa NUT tun 1931, sannan Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, shekara biyu kafin a kafa jam'iyyar NEPU. A 1978 gwamnatin soja ta haɗe ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyin ma'aikata ta mayar da su 42 a ƙarƙashin NLC. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019, da na naira 70,000 na 2024, wanda Kebbi ta ɗaga nata zuwa 75,000, duk sai da aka ja daga kafin a same su. Haka kuma iyayen da 'ya'yansu suka yi zaman gida na wata takwas a 2022 saboda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU sun san cewa wannan ƙarfi yana da tsada, kuma ba kullum wanda ake faɗa da shi ne yake biyan kuɗin ba.

Sai dai masu albashi ba su ne mafi yawa a Kebbi ba. Mafi yawa manoma ne, da masunta, da makiyaya, da 'yan kasuwa, da direbobi, da masu sana'ar hannu, kuma idan mutum ya lura da yadda ƙungiyoyinsu suke aiki zai ga cewa neman haƙƙi wurin gwamnati ɗan ƙaramin ɓangare ne na abin da suke yi. Babban aikinsu, a ganina, shi ne shaida: su iya cewa wannan mutum namu ne, mun san shi, mun tsaya masa, kuma idan ya ci amana mu ne za mu fara hukunta shi. Ƙungiyar da ta riƙe wannan aiki tana da nauyi a gaban kowa, wadda kuwa ta sake shi ta koma taron masu jiran rabo, ko da tana da ofis da hatimi da takardar rajista.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba Bature ne ya kawo shi ba. Tun kafin zuwansa kowace sana'a tana da sarkinta: Sarkin Fawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska, Sarkin Magina, Sarkin Ruwa, Sarkin Kasuwa. Sarkin Fawa ba don a yi masa kiɗa kawai aka naɗa shi ba. Shi ne ake tambaya idan aka ga naman da ba a yarda da shi ba a kasuwa, shi ya kamata ya san daga ina dabbar da aka yanka ta fito da wanda ya yanka ta, kuma yana da ikon hana mahauci baje nama. A kara, wato kasuwar dabbobi, dillali ba la'ada kawai yake ci ba, domin sunansa ne jinginar cinikin: idan saniyar da ya sayar ta zama ta sata, shi za a fara nema, saboda haka dillalin kirki ba ya karɓar dabba daga hannun baƙon da ba wanda ya san shi. Duk wanda ya ga abin da satar shanu ta jawo wa Zamfara da maƙwabtanta a shekarun nan ya san cewa wannan tambaya ta "wa ya san ka?" ba ƙaramin tsaro ba ce. A Argungu ma, bikin kamun kifin da ya ɗauki siffarsa ta yanzu tun 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba zai yiwu ba in da masunta ba sa jin maganar Sarkin Ruwa su bar kogin Matan Fada ya huta har ranar da aka ba da izini. Babu ɗan sandan da zai iya gadin kogi dare da rana. Masuntan ne suke gadin junansu.

Mafi kusa da wannan tsohon tsari a yau shi ne tasha. Mutane suna yawan kuka da 'yan yuniyan, kuma ina cikin masu ganin cewa kuɗin da ake karɓa a hannun direba kafin ya yi lodi ya kamata a riƙa bayyana inda yake tafiya. An kuma san yadda 'yan siyasa suke kwaɗayin ƙungiyar direbobi ta NURTW lokacin zaɓe, da yadda rikicin shugabancinta ya kai gwamnatocin Oyo da Legas ga dakatar da ayyukanta a tashoshinsu a wasu lokuta. Amma duk da haka, a kowace safiya mutane suna miƙa wa direban da ba su taɓa gani ba takardun makaranta, ko magani, ko kayan aure, a Birnin Kebbi ko Jega ko Yauri, su ce a kai Sakkwato ko Kaduna, su karɓi lambar waya su koma gida hankali kwance. Ba direban suka amince wa ba, tashar suka amince wa, domin sun san motar tana bin layi, an san mai ita, kuma idan saƙo ya ɓata akwai shugaban da zai hana shi lodi har sai ya fito da shi. Wanda ya tsaya bakin hanya ya hau motar da ba ta tasha ba don ragin kuɗi ya san abin da ya sayar.

Inda irin wannan riƙo ya yi rauni kuwa, rayuka ake asara. Hatsarin jirgin ruwan da ya faru a watan Mayun 2021 kusa da Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski, wanda mutane masu yawan gaske suka rasu a cikinsa, hukumomi sun danganta shi da lodin da ya wuce ƙima da kuma tsufan jirgin. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa tana da dokoki a kan lodi da rigar kariya da tafiyar dare, amma ba ta da ma'aikacin da za ta ajiye a kowane mashigi daga Yauri zuwa Lolo. Wanda yake wurin a kowace ranar kasuwa, wanda ya san jirgin da katakonsa ya ruɓe da matuƙin da ba ya ƙin fasinja, shi ne ɗan'uwansa mai jirgi. Idan ƙungiyar masu jirage ba za ta iya ce wa mambanta ya rage mutane ba, babu wanda zai faɗa masa a kan lokaci.

Ga masu ilimin boko, doka ta raba aikin gida biyu, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Ƙungiyar Likitoci ta Najeriya, NMA, tana kare muradun likitoci ne, amma mai ba da lasisi da mai ƙwace shi ita ce majalisar MDCN, wadda take da kotun ladabtarwa. Injiniyoyi suna da ƙungiyarsu ta NSE tun 1958, amma COREN, wadda aka kafa da doka a 1970, ita ce take yi musu rajista. Malaman makaranta suna da NUT, suna kuma da hukumar rajista ta TRCN da aka kafa a 1993. Lauyoyi suna da NBA, akwai kuma kwamitin ladabtarwa da yake iya soke sunan lauya. Akantoci kuwa, cibiyar ICAN da aka kafa a 1965 ita ce take shirya jarrabawa, take ba da shaida, take kuma hukunta mambobinta. Hikimar raba aikin ita ce kada mai kare ka ya zama shi ne alƙalinka. Amma mutumin ƙauye a Dandi ko Sakaba bai san hanyar kai ƙara Abuja ba, kuma wanda ya fi gani idan ba shi da lafiya shi ne mai kemis, ba likita ba. Ko mai kemis ɗin yana da lasisi, ko yana yin allurar da doka ba ta ba shi izini ba, ko maganinsa ya lalace, ƙungiyar masu kemis ta garin ce za ta riga kowa sani.

Babu inda wannan magana ta fito fili a Kebbi kamar a harkar shinkafa. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan jihar ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. A takarda tsarin yana da kyau ƙwarai. Ana haɗa ƙananan manoma rukuni-rukuni, daga mutum 5 zuwa 20, su tsaya wa juna, a ba su iri da taki da maganin feshi da ɗan abin aiki a kan kuɗin ruwa na kashi 9 cikin ɗari, sannan idan sun girbe su kai samfarera ga kamfanin casa da aka haɗa su da shi, a cire bashi a ba su ragowar. Manomin da ba shi da takardar fili ko wata kadarar da banki yake karɓa, jinginarsa ita ce shaidar 'yan'uwansa, kuma ta nan ne Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Najeriya, RIFAN, ta zama babbar ƙofar shiga shirin. Ba za a yi musun abin da aka gani a shekarun farko ba. Fadamun Argungu da Augie da Suru da Bagudo sun cika da noman rani, matasan da suke tafiya ci-rani sun zauna, an ga shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Kebbi da Legas a ƙarshen 2016, kamfanonin casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka samu abin sarrafawa, kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya ƙara wa shinkafar gida daraja.

Amma a faɗin ƙasa kuɗin da aka fitar ya haura naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba, har aka yi ta muhawara tsakanin Babban Bankin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a kan yawan abin da aka biya. Dalilan suna da yawa, kuma wasu ba laifin kowa ba ne: ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, rashin tsaro kuma ya raba manoma da gonakinsu a Zamfara da kudancin jiharmu. Wasu kuwa na ɗan Adam ne. Kayan aiki sukan zo a makare bayan lokacin shuka ya wuce, ko a lissafa su a kan farashin da ya fi na kasuwa. Manomi ya girbe, ya ga dillali yana ba da kuɗi hannu fiye da abin da kamfani ya yi alkawari, sai ya sayar a can. Sannan akwai wanda ya ɗauki bashin a matsayin rabonsa na arzikin ƙasa, musamman da yake shirin ya ratsa lokutan zaɓe.

Abin da ya fi damuna a ciki shi ne abin da kuɗin ya yi wa ma'anar zama mamba. Wani kawuna da ya tsufa a noman fadama ya taɓa gaya mini cewa a da idan za su haɗa gayya ko su yi karo-karon sayen injin ban-ruwa, sai sun zauna sun tace wanda za su sa, domin rago ɗaya yana iya jawo musu asara. Da shirin bashi ya zo, sai aka koma neman cika suna. Na tambaye shi, "Kawu, ku da kuka san wanda ba shi da ko kunya ɗaya ta shinkafa, me ya hana ku faɗa?" Ya ce, "Ɗana, kuɗin ba na aljihunmu ba ne, wa zai ɓata da maƙwabcinsa a kan kuɗin gwamnati?" Wannan amsa ta bayyana mini matsalar fiye da dogon bayani. Shaida tana da daraja ne idan mai ba da ita zai yi asara in ta zama ƙarya. Da zarar katin ƙungiya ya zama tikitin karɓar taki, kowa zai nema, shugaba zai ga yawan suna shi ne ƙarfinsa, kuma manomin gaskiya da ya biya bashinsa zai ga babu bambanci tsakaninsa da wanda ya cinye. Ba ina cewa kada gwamnati ta bi ta hannun ƙungiyoyi ba ne, domin ba ta da wata hanyar da za ta kai ga dubban manoman da ba su da ko asusun banki. Abin da nake cewa shi ne ƙungiyar da aka kafa ko aka kumbura saboda rabo ba za ta iya aikin tacewa ba, kuma tacewar ce dalilin da ya sa aka neme ta tun farko.

Ƙarfin ƙungiyoyin kasuwa ya sake bayyana ta wata fuska a 2021. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin watan Fabrairu, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, kuma cikin 'yan kwanaki farashin tumatir da albasa da nama ya tashi a Legas, har aka zauna da su aka sasanta a farkon Maris. A tsakiyar shekarar ƙungiyar masu albasa ita ma ta ɗauki irin wannan mataki saboda hare-haren da aka kai wa mambobinta da kayansu. Kukansu na gaskiya ne, domin an kashe mutane an ƙona dukiya, kuma da ba su haɗa kai ba da babu wanda zai saurare su. Sai dai kayan gwari ba sa jiran sulhu. A kwanakin da motoci suka tsaya, farashi ya faɗi warwas a kasuwannin Arewa, kuma ƙaramin manomin da ya ciro tumatir ko albasarsa, wanda ba a shawarce shi ba, mai yiwuwa ma ba mamba ba ne, shi ya ɗauki babban kaso na asarar. Duk wanda ya san Aliero ya san cewa manomin albasa da ɗan kasuwar albasa ba muradinsu ɗaya ba ne a kowane lokaci, ko da sunan ƙungiya ya haɗa su. Manomi yana son rumbun adanawa da zai hana ta ruɓewa don ya jira farashi, mai saye kuwa arhar kaka ce ribarsa.

Akwai kuma ƙungiyoyin da ba a kiran su taro a gidan gwamnati, alhali sun fi da yawa daga cikin masu rajista riƙon amana. Matan da suke turara shinkafa, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu sayar da busasshen kifi a Yauri, yawancinsu adashi ne bankinsu. Uwar adashi ba ta da hatimi, amma ta san wadda za ta ba kwasar farko da wadda za ta bari sai ƙarshe, kuma matar da ta kwasa ta daina zubi ba za ta sake samun shiga wani adashin a unguwar ba. Kuɗin nasu ne, shi ya sa tacewar take da tsanani.

Ta fuskar doka babu abin da ya hana kowa kafa ƙungiya. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin haɗuwa da wasu don kare muradunsa, gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, kuma ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni wajibi ne ta riƙa miƙa rahotonta na shekara. Amma wanzami ba ya son jarfa. Shugabannin da suke fitowa a rediyo suna neman gwamnati ta bayyana yadda ta kashe kuɗi, kaɗan ne daga cikinsu suke tara mambobi su karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma ba baƙon abu ba ne a ga shugaban da wa'adinsa ya ƙare da daɗewa yana nan, ko a ga ƙungiya ɗaya da shugabanni biyu kowanne da takardar kotu. Mambobi ma suna da nasu kason, domin wanda ba ya biyan kuɗin wata, ba ya zuwa taro sai ya ji ana rabon wani abu, ba shi da bakin tambaya, kuma shugaban da ya gano cewa kuɗin tafiyar da ofis daga ɗan siyasa suke zuwa ba daga mambobi ba ya san wanda zai yi wa biyayya.

Tun da shugabancin Babban Bankin ya canja a 2023, bankin ya ja da baya daga raba irin wancan bashi kai tsaye, cire tallafin man fetur a shekarar kuma ya ninka kuɗin ban-ruwa ga mai noman rani. Abin da nake gani a yankinmu shi ne manoma sun koma wurin dillalai da masu injin casa don neman taki da kuɗin mai, su kuwa waɗannan ba sa tambayar katin ƙungiya, suna tambayar wanda zai tsaya wa mutum ne. Wasu kuma sun fara haɗa kuɗi su biyar ko su goma domin sayen injin ban-ruwa mai amfani da hasken rana, wanda mutum ɗaya ba zai iya saye ba, kuma kafin su karɓi kuɗin kowa sai sun bincika yadda ya yi da bashin da ya ci a baya.